Tarihin Marigayi Roger Sperry, Masanin da ya Juya Idon Kwaɗo

Duk wanda ya yi aji huɗu a ɓangaren kimiyya ba zai manta da ranar da aka fara kwantar masa da kwaɗo a kan faranti a ɗakin gwaje-gwaje ba, aka miƙa masa almakashi da allurai, aka ce ya buɗe ya zana abin da ya gani. Yawancinmu abin da ya dame mu a ranar bai wuce warin maganin da aka jiƙa kwaɗon a ciki da makin da malam zai bayar ba. To, a wannan fitowa filinmu na tarihin mashahuran mutane ya zaɓo wani Ba'amurke wanda shi ma kwaɗo ya sa a gaba, amma da shi ya amsa wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masana, wato ta yaya jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke sanin inda za su je su haɗu da junansu.

Kafin mu shiga tarihinsa ya kamata mai karatu ya ga girman tambayar. A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana miƙa wani siririn zare da ke kai saƙo ga wasu ƙwayoyin. Daga kowane ido kaɗai zare sama da miliyan ɗaya ne ke fita ya nufi ƙwaƙwalwa. Duk wannan haɗe-haɗe ana yin mafi yawansa ne tun jariri yana ciki, cikin duhu, ba mai nuna hanya. Idan zaren da ya fito daga saman ido ya je ya sauka a gurbin na ƙasa, gani ya rikice ke nan. Wanda ya taɓa kallon ma'aikacin tarho yana laluben waya ɗaya a cikin akwatin da wayoyi ɗari suka cukurkuɗe ya san aikin ba wasa ba ne.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Roger Wolcott Sperry ran 20 ga watan Agusta na shekarar 1913 a birnin Hartford na jihar Connecticut a ƙasar Amurka. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne, ya rasu Roger yana da shekara 11. Mahaifiyarsa ce ta kama aiki a ofishin shugaban wata makarantar sakandare ta riƙe shi da ƙanensa. Tun yana yaro yake kama ƙwari da ƙananan namun daji yana kiwo, amma a makaranta an fi saninsa a filin wasa. Da ya sami gurbin karatu kyauta a Kwalejin Oberlin ta jihar Ohio har kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ya zama.

Wani abin mamaki, digirinsa na farko, wanda ya samu a 1935, a kan adabin Ingilishi ne. A tsarinmu da ake raba yara gida biyu tun daga aji uku ko huɗu, a ce wannan ɗan adabi ne wancan ɗan kimiyya, da wuya irin Sperry ya sake leƙa ɗakin gwaje-gwaje a rayuwarsa. Shi kuwa wani darasin nazarin halayyar ɗan Adam da ya ɗauka a wajen Farfesa Raymond Stetson ne ya karkato da hankalinsa ga ƙwaƙwalwa. Ya zauna a Oberlin ya yi digiri na biyu a wannan fanni a 1937, sa'an nan ya wuce Jami'ar Shikago domin yin digirin digirgir a ilmin dabbobi a ƙarƙashin Farfesa Paul Weiss, mutumin Ostiriya, wanda a lokacin ake ji da shi a fagen nazarin yadda jijiyoyi ke tsirowa.

Ɗalibi da malaminsa

Tambayar ba sabuwa ba ce. Tun a 1890 masanin nan na ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya hango a madubin gwaji cewa kan kowane zaren jijiya mai tsirowa yana da wani ɗan ƙullutu mai miƙa yatsu kamar mai lalube, ya kuma yi zaton wasu sinadarai ne ke janyo shi zuwa inda za shi. A 1895 wani Bature ɗan Ingila, John Langley, ya yanke wata jijiya a wuyan kyanwa, ya ga bayan ta warke kowane zare ya koma bakin aikinsa na da. Amma zuwa shekarun 1930 an yi watsi da wannan tunani. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne jijiyoyi suna tsirowa ne barkatai, su haɗu da duk abin da suka tarar, daga baya amfani da koyo su daidaita komai.

Shi Weiss yana da nasa bayanin. Ya dasa ƙarin ƙafa a jikin wata halittar ruwa mai kama da ƙadangare, ya ga sabuwar ƙafar tana motsi daidai da ta ainihin da ke kusa da ita, ko da wace jijiya ce ta shige ta. Sai ya ce ashe lamarin kamar rediyo ne: saƙonni duka suna bin kowace waya, kowace tsoka tana kama tashar da ta dace da ita. Ke nan inda waya ta sauka ba shi da wani muhimmanci.

Wannan ra'ayi bai tsaya a littafi ba. Likitocin fiɗa na zamanin sun dogara da shi suna ɗauko jijiya mai lafiya su jona ta da tsokar da ta shanye, bisa imanin cewa majiyyaci zai koyi amfani da sabon haɗin ba da wata wahala ba.

Sperry ya ce bari ya gwada a kan ɓera. Da hannunsa, a ƙarƙashin madubi, ya musanya jijiyoyin ƙafar baya ta ɓeraye, ta yadda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta koma tsokar da ke sauke shi, ita ma waccan ta dawo nan. Da ɓerayen suka warke sai ƙafar ta riƙa yin kishiyar abin da ake so: lokacin takawa ta ɗaga, lokacin ɗagawa ta taka. Ya jira watanni, ya horar da su ta hanyoyi iri iri, ba su gyara ba. Ya sake wani gwajin, ya karkatar da jijiyar jin taɓi ta ƙafar hagu zuwa ƙafar dama. Idan aka ɗana wa ɓeran lantarki a ƙafar dama, sai ya ɗage ta hagu, ya ƙara danna wadda ke cin wuyar a ƙasa. Haka suka zauna har ƙarshen gwajin.

Da wannan aiki ya sami digirinsa a 1941, kuma da shi ya rusa ginin malamin da ke duba aikin nasa. A ganina nan ne halin mutumin ya fara bayyana. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba a san shi da son taro ba, amma idan gwaji ya nuna masa abu ba ya sassauta shi don girman wani. Dole kuma a yaba wa Weiss, domin a ɗakin gwajinsa aka yi aikin, kuma a hannunsa ɗalibin ya fita da digiri.

Daga nan ya koma wajen Farfesa Karl Lashley, da farko a Jami'ar Harvard, sa'an nan a cibiyar nazarin birai da ke Orange Park a jihar Florida. Lokacin ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suna dawowa da jijiyoyi a tsinke, shi ma hidimarsa ta yaƙi a wani shirin gwamnati na binciken raunin jijiyoyi ya yi ta. A 1945 ya buga wata doguwar maƙala inda ya bi rahotannin likitoci na shekaru masu yawa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yawancin nasarorin da ake faɗi ba su da hujja mai ƙarfi. Bai ce ɗan Adam ba ya iya gyara komai ba, domin mutum ya fi ɓera dabarar kauce wa matsala, amma ya nuna abin yana da iyaka. Har yau likitoci na ganin misalin wannan: wani wanda jijiyar fuskarsa ta shanye ta sake tsirowa, sai zaren da ya kamata ya je wajen yawu ya ɓace ya je wajen hawaye, ya zama duk lokacin da ya zauna cin abinci idonsa na zuba.

Kwaɗon da duniya ta kife masa

Gwajin da ya fi fito da sunansa ya yi shi ne a 1943 da 1944. Kifi da kwaɗo da danginsu suna da wata baiwa da mutum ba shi da ita: idan aka yanke jijiyar da ta haɗa idonsu da ƙwaƙwalwa, takan sake tsirowa cikin 'yan makonni, gani ya dawo. Sperry ya yanke wannan jijiya, sa'an nan ya juya ƙwayar idon a cikin gurbinta, sama ya koma ƙasa, gaba ya koma baya, ya bar dabbar ta warke.

Dabarar gwajin ita ce sakamako uku ne kawai zai iya fitowa, kuma kowanne yana goyon bayan ra'ayi dabam. Idan zaruruwan barkatai suke komawa, ganin zai dagule, kwaɗon ba zai iya saitin komai ba. Idan amfani da koyo ne ke daidaita haɗin, kwaɗon zai dawo yana gani daidai, ko nan take ko a hankali. Idan kuwa kowane zare yana komawa ainihin gurbinsa na da ne, ba ruwansa da cewa an juya idon, to ganin zai fito tsaf amma a kife.

Na ukun ne ya faru. Idan aka rataya ƙuda a saman kan kwaɗon sai ya kai cafka ƙasa. Idan aka kawo shi ta gabansa sai ya juya baya. Kuskuren ba na dagulewa ba ne, kullum daidai kishiyar wurin yake kai wa hari, kuma duk daɗewa bai koyi gyarawa ba, har da ba don ana ba shi abinci a baki ba da yunwa ta kashe shi ƙuda na yawo a gabansa. Da aka mayar da idon yadda yake, nan take saitin ya dawo daidai. Da Sperry ya duba wurin yankan a madubi ya tarar zaruruwan sun cukurkuɗe a tabon kamar zaren da kaza ta shiga, amma bayan sun wuce nan kowanne ya nemi gidansa.

Daga wannan ya kafa ra'ayinsa: kowace ƙwayar jijiya tana ɗauke da wata shaida ta sinadari tun lokacin da ake halittarta, kuma zarenta yana haɗuwa ne da ƙwayar da shaidarta ta dace da tasa.

Rayuwa ba ta tafi masa sumul ba a wannan tsakani. Ya dawo koyarwa a Shikago a 1946, sai a 1949 hoton ƙirji ya nuna yana da tarin fuka, aka tura shi jinya Saranac Lake a cikin duwatsun jihar New York. A ƙarshen shekarar ya yi aure, daga baya suka sami 'ya'ya biyu, namiji da mace. A 1954 Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wadda ake kira Caltech, a garin Pasadena, ta ba shi kujerar farfesa, a nan kuma ya zauna har ƙarshen aikinsa.

A can ne shi da abokiyar aikinsa Domenica Attardi suka kawo hujjar da ido ke gani. Suka ɗauki jan kifin nan na ado, suka cire rabin shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, wato retina, suka yanke jijiyar. Zaruruwan rabin da ya rage suka tsiro, suka ratsa ta filin da ba kowa a sashen gani na ƙwaƙwalwa, wanda ake kira tektum, ba su tsaya ba sai da suka kai nasu yankin. A 1963 Sperry ya tattara ra'ayin nasa a wata maƙala, ya kuma amsa sukar da aka fi yi masa, cewa ina jiki zai samo shaidu miliyoyi dabam dabam. Ya ce ba sai an sami haka ba. Sinadari biyu ko uku sun isa, muddin yawan kowanne yana ƙaruwa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ɗaya daga gaba zuwa baya, ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Waɗanda ba su yi barci a darasin labarin ƙasa ba za su tuna da layukan taswira na tsaye da na kwance, yadda lamba biyu kacal ke nuna kowane gari a duniya. Haka kowace ƙwaya take samun adireshinta.

Sai dai ko sinadari ɗaya daga cikinsu bai gani da idonsa ba, domin kayan aikin zamanin ba su kai nan ba. Suka kuma ba ta ƙare ba. A 1970 Michael Gaze da abokin aikinsa suka cire rabin tektum na kifi, suka ga zaruruwan ido gaba ɗaya sun matsu sun shiga rabin da ya saura, cikin tsari. Wannan ya nuna adireshin ba kafaffe ba ne kamar lambar akwatin gidan waya, akwai gasa da ture-ture tsakanin zaruruwan. David Hubel da Torsten Wiesel su ma sun nuna a kan 'ya'yan kyanwa cewa idan aka rufe ido ɗaya a farkon rayuwa haɗin ƙwaƙwalwa yana canzawa, wato amfani ma yana da nasa rabon.

Lambar Nobel

Duniya ta fi sanin Sperry da wani aikin dabam. Shi da ɗalibinsa Ronald Myers sun yanke gadar da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu a kyanwa, suka ga abin da ɓangare ɗaya ya koya ɗayan bai sani ba. Daga 1962 likitoci Joseph Bogen da Philip Vogel suka riƙa yin irin wannan fiɗa ga masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, Sperry da ɗalibansa irin su Michael Gazzaniga suka yi nazarin majiyyatan. Suka gano a yawancin mutane ɓangaren hagu ne ke riƙe da magana, na dama kuma ya fi gane siffa da wuri, kuma kowanne na iya sanin abin da ɗayan bai sani ba. A kan wannan aka ba shi rabin lambar Nobel ta fannin likitanci a 1981, Hubel da Wiesel suka raba ɗaya rabin. Masana da yawa na ganin aikin kwaɗon ma ya isa a ba shi lambar, ni ma da za a tambaye ni shi zan zaɓa.

A shekarunsa na ƙarshe ya koma rubutu a kan hankali da ɗabi'a, abin da bai burge abokan aikinsa da yawa ba. A gida kuwa mutum ne mai sassaƙa da ginin tukwane da kamun kifi da tara burbushin halittun da suka zama dutse. Wani ciwon jijiyoyi mai shanye jiki sannu a hankali ya daɗe yana cinsa, ya rasu a Pasadena ran 17 ga Afrilu, 1994, yana da shekara 80.

Abin da aka gano bayansa

Tun kafin rasuwarsa an fara jin ƙanshin shaidun nasa. A 1987 Friedrich Bonhoeffer da mutanensa a garin Tübingen na Jamus suka shimfiɗa fatar ƙwayoyin gaban tektum da na bayansa na ɗan tsako a jere, layi bayan layi kamar kunyoyin gona, suka saki zaruruwan ido a kai. Zaruruwan da suka fito daga gefen ido na wajen kunne suka bi layukan gaba kawai. Da aka gasa fatar bayan da zafi sai suka daina zaɓe, abin da ya nuna akwai wani furotin a can da ke korarsu. A 1995, shekara ɗaya bayan rasuwar Sperry, ɗakin gwajin Bonhoeffer da na John Flanagan a Harvard suka ware furotin ɗin, waɗanda yanzu ake kira efrin. Suna manne a fatar ƙwayoyin tektum, kaɗan a gaba, da yawa a baya. Zaruruwan ido kuma suna ɗauke da abokin haɗinsu mai suna Eph, da yawa a na wajen kunne, kaɗan a na wajen hanci. Zare yakan yi ta tafiya har ya kai inda korar ta fi ƙarfinsa, ya tsaya. Tsarin hawa-hawan da Sperry ya zana a 1963 ke nan, sai dai da kora aka fi yin aikin, shi kuwa ya fi tsammanin janyowa.

Ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace shi ya kawo sauran labarin. A shekarar 2000 ɗakin gwajin Lawrence Zipursky a Los Angeles ya gano wata ƙwayar gado guda ɗaya mai suna Dscam da ke iya fitar da furotin iri 38,016. Da farko an ɗauka ga shaidun Sperry nan an samu, ɗaya ga kowace ƙwaya. Ashe babban aikinsu shi ne ƙwaya ta gane kanta: rassan ƙwaya ɗaya suna ɗauke da iri ɗaya, idan suka taɓa juna sai su rabu, don kada su taru wuri guda ko su haɗu da kansu. A jikin mutum da ɓera wani dangin furotin da ake kira protokadherin ne ke yin kwatankwacin wannan aiki.

A 2013 kuma aka gano wasu dangi biyu a jikin ƙudan da ke kama juna a fatar ƙwayoyi, Dpr mai iri 21 da DIP wanda yanzu aka san iri 11 nasa. Kowane Dpr yana da waɗanda yake kamawa a cikin DIP, wani da ƙarfi wani sama-sama, kuma sau da yawa ƙwayoyi biyun da ke haɗuwa a idon ƙudan sukan zama ɗaya na ɗauke da Dpr ɗaya na ɗauke da DIP ɗin da ya dace da shi. Ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin da suka nuna haka a 2015, na Kai Zinn, a Caltech yake, inda Sperry ya yi shekara talatin yana koyarwa. Amma idan aka cire ɗaya daga cikin waɗannan furotin, yawanci wani sashe na haɗin ne ke lalacewa, ba duka ba. Abin ya fi kama da fifiko, wato wannan ya fi son wancan a kan saura, ga kuma lokacin da zare ya iso da maƙwabtan da ya tarar duk suna da tasiri.

A 2024 aka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan, ƙwayoyi kusan 140,000 da mahaɗai sama da miliyan 50, kuma masana suna bin ta suna gwada wane furotin ne ke kan wace ƙwaya. Ta ɓangaren jinya kuwa da sauran tafiya. Jijiyar idon mutum ba ta sake tsirowa kamar ta kwaɗo, shi ya sa ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Masu bincike sun iya sa wasu zaruruwan idon ɓera su sake tsirowa, amma kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa ƙwaƙwalwa, da yawa kuma sukan ɓace a hanya ko su juyo baya.